Falon Mahrus da Jamusar Atiyat

Nazlat Dahi, Suhaj
4 ga Fabrairu, 1999

Zuwa ga ɗan baffana Mahrus,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, aikin Kuwet kuma da sauƙi. Mu nan sai godiya. Hajja mahaifiyarka gwiwa ce dai ke damunta, amma bakin yana nan da ƙarfinsa. 'Yan matana uku suna gaishe ka. Gidanka na share shi ranar Juma'a kamar kullum, na buɗe tagogi ya sha iska, na goge ledojin da ke kan kujeru. Famfon sama yana ɗiga, na ɗaure shi da tsumma kafin ka ce a kira mai gyara.

Ka tuna asusun nan na ƙungiya da ka yi mini dariya a kansa zuwanka na ƙarshe? Wanda ka ce irin kamfanonin nan ne da suka cinye maka kuɗin shekararka ta farko? To, ajiye dariyar. Da aka kawo shi garin nan mata ƙalilan ne suka shiga, kowa na cewa wa ya taɓa ganin an ba talaka fam a kan fam don kawai ya yi ajiya. Ustaza Mirfat, wadda ke kula da mu, ta ce a Amurka aka soma yi wa matalauta haka. Ni ban ma san suna da matalauta a can ba. Sharaɗin shi ne ka riƙa zubawa duk wata ba fashi, ba cirewa, har shekara biyu, sannan su ninka maka, ka sayi abin da zai zauna maka: keken ɗinki, ko rufin ɗaki, ko dabba. Ummu Girgis maƙwabciyata tana cikin na farko, yanzu ɗakinta rufin siminti ne. Ganin haka na shiga zagaye na biyu.

Ɗan baffa, wata mai zuwa nake cikawa. Kuɗin ƙwai ne da na tattabaru da na cirar albasa a gonakin mutane, ban taɓa fashi ba, har watan da ƙaramar ta kwanta zazzaɓi. Na ga jamusar da nake so, irin ɓaunar nan ta gida da ake tatsa, a wurin wani mutum a ƙetaren gada, baƙa wuluk, cikin fari gare ta. Nono, man shanu, cuku, duk a ƙofar ɗakina, kuma tawa ce ba ta kiwo ba.

Saura abu ɗaya. Mutanen ƙungiya za su zo daga birni su ga gida da inda zan ɗaure ta. Ka san ɗakin nan namu tun rasuwar mijina Shahata. Baƙi 'yan boko su zauna a tabarma, su ɗaga kai su ga rufin karan masara! Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ka sa mu a addu'a.

'Yar baffanka,
Atiyat

*

Farwaniyya, Kuwet
27 ga Fabrairu, 1999

'Yar baffa Atiyat,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, alhamdu lillahi, sai ciwon baya da ba ya rabuwa da mai tsaron ƙofa. Ki gai da yara. Famfon ki bar shi da tsummansa.

Wasiƙarki ta daɗe a hanya. Da na zo layin da kika ce kunya kamar ƙasa ta tsage, abinci bai ƙara shiga bakina ba ranar. Haba Atiyat! Ina raye, da gida mai hawa biyu jingine da naki, baƙi su zo su zauna a ƙasa a gidan zuriyarmu? Su koma Suhaj su ce sun ga jikar Alhaji Dahi a ƙarƙashin kara? Kunyarki ai tawa ce, kakanninmu wa da ƙane ne.

Na san ba za ki iya buɗe baki ki roƙa ba, halinki ne tun kina yarinya. Shi ya sa ban jira ba. Na buga waya shagon Ammu Labib, na sa aka kira mini Hajja, na gaya mata duk abin da za a yi. A buɗe falo, a cire ledoji, a kunna fitilar nan mai lu'ulu'u. A yanka agwagwa da tattabaru a kan asusuna. Su zo su ga cewa ke 'yar mutane ce, kina da maza a bayanki. Masu ba da kuɗi ba sa ba wanda suka raina, wannan na koya a ƙasar nan.

Kada ki gode mini. Naka sai naka.

Ɗan baffanki,
Mahrus

*

Nazlat Dahi
19 ga Maris, 1999

Mahrus,

Salamu alaikum. Kowa lafiya, Hajja lafiya, gidanka lafiya. Ni ce ba lafiya.

Wasiƙarka ta iso bayan aikin gama ya gama. Ka ce kada in gode maka. Kwantar da hankalinka, ba godiya na zauna rubutawa ba.

Ka san me ya kawo mutanen nan? Talaucina suka zo gani! An gano wasu masu gonaki sun kutsa cikin asusun a wani gari, shi ne aka ce kafin a ninka wa kowa sai an ga inda yake kwana. Ban rubuta maka haka ba, gaskiya ne. Wa zai ɗauki biro ya rubuta wa ɗan'uwansa cewa za a zo auna tsiyarsa? Addu'a na roƙe ka. Addu'a, Mahrus! Wa ya aike ka da agwagwa?

Bari ka ji aikinka. Sun zo da hantsi ina gonar albasa. Hajja, wadda gwiwa ta hana zuwa ta'aziyyar mutane, ita ce ta tare motarsu a bakin gada. Ta riga ta ari makullinka a hannun babbar 'yata Hanan, ta sa wa yaran kayan sallah. Da aka kira ni na shigo da taɓo har ƙauri, sai na tarar da Ustaza Mirfat da maza biyu daga birni sun nutse a kujerunka. Fitila na walƙiya da rana tsaka, firij na gurnani, talabijin na waƙa. A kan tebur agwagwa, tattabaru cushe da alkama, miyar lalo, har da lemon kwalba.

Hajja na zaune a tsakiya tana cewa, "Ku ci, ku ci, gidanku ne. Atiyat 'yarmu ce, ba ta rasa komai ba. Ɗana Mahrus duk wata sai ya aiko mata daga Kuwet, Allah Ya yi masa albarka."

Ɗaya daga mazan ya dube ni ya ce, "Haka ne, Ummu Hanan?"

Me zan ce? In ƙaryata tsohuwa a gaban baƙi, abincinta na bakinsu? Na sunkuyar da kai. Ya rubuta. Ustaza Mirfat ta san ɗakina, ta taɓa shan shayi a tabarmata, ta yi ta ƙoƙari ta ce a leƙa gidan gefe. Hajja ta ce, "Can? Ai can akurkin kaji ne." Ɗakin da na haifi 'ya'yana uku, ɗakin da aka wanke gawar mijina, shi ne akurkin kaji.

An cire sunana. Za su mayar mini da abin da na zuba, ba ƙarin ko sisi, kuma rabin jamusa ba ya tsayuwa da ƙafa biyu. Garin neman gira ka tsone mini ido.

Ƙofa ɗaya ta rage. Kwamiti zai zauna a makarantar garin nan ƙarshen watan gobe don masu ƙorafi. Ustaza ta ce in mai gidan ya rubuto da hannunsa cewa gidan nasa ne shi kaɗai, kuma ba ya ɗaukar nauyina, za a karanta a gaban kwamiti a mayar da ni. Layi biyu ne, kuma duka gaskiya ne. Mai jamusar ya ce zai jira ni zuwa girbin alkama, bayan nan kasuwa zai kai ta. Ka rubuto ka ba duk wanda zai taho, kada ka sa a gidan waya.

Atiyat

*

Farwaniyya
6 ga Afrilu, 1999

'Yar baffa Atiyat,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ina fata zuciyarki ta sauka, don wasiƙar da kika aiko ba irin wadda mace ke rubuta wa wanda ya yi mata alheri ba ce.

Abin da ya faru ban ji daɗinsa ba, Allah shaida. Amma laifin wa? Wace irin ƙungiya ce wannan da sai mutum ya tuɓe a gabanta sannan ta taimake shi? Iyayenmu ko gurasa ɗaya ta rage a gida baƙo suke ba wa, su ce sun ƙoshi. Yanzu an zo da tsarin da ke hukunta mutum don ya karrama baƙo. Tir da wannan taimako.

Takardar da kika nema kuwa, kin san me kike cewa? Wa ke cikin kwamitin nan? Shugaban makaranta, da ɗan mai gari, da limamin da ke ambaton sunana duk azumi. A miƙe a gabansu a karanta, da sa hannuna, cewa Mahrus ɗan Abdul Ati shekara goma sha ɗaya a Kuwet bai taɓa tallafa wa marayun Shahata ba? A kuma ce uwata ta yi ƙarya a gaban baƙi? Gara ki sa wuƙa ki yanka ni.

Kina tsammani a kan dinari nake kwana? A ƙarƙashin matakalar bene nake kwana, Atiyat, kusa da injin ruwa. Yaron da bai kai ɗan cikina ba yana kirana da sunan raini na ƙauyawan kudu, "kai Basa'ide" ya jefo mini makullin mota. Wake da safe, wake da dare. Abin da ke tsayar da ni a ƙofar nan shi ne akwai wani gari a duniya inda in aka ce Mahrus, ana gyara zama. Gidan nan da sunan nan, su ke nan abin da na tara. Shi kike so in ba ki ki sayi dabba da shi.

Ga mafita. Mai kawo miki wannan wasiƙa, Usta Hilmi direba, zai ba ki ambulan. Abin da ƙungiya za ta ƙara miki ne, na ranto shi a kan albashin wata uku. Ki haɗa da naki ki sayi jamusarki, ki rabu da 'yan birnin nan. Magana ta mutu, asirin kowa a rufe.

Mahrus

*

Nazlat Dahi
17 ga Afrilu, 1999

Ɗan baffa,

Salamu alaikum. Muna lafiya, Allah Ya ba ka lafiyar baya.

Ambulan ɗinka ban buɗe ba. Na kai wa Hajja a gaban Usta Hilmi, ya shaida.

Ka manta, ni ban manta ba. Shahata shekara nawa yana kiwon jamusar babanka? Mu ne yankan ciyawa, mu ne kwasar kashi, mu ne tashin asuba, nono a raba biyu, ɗan maraƙi naku. Ana ce mana ai ta gida ce, duk ɗaya ne. Da Shahata ya rasu, ko arba'in ba a yi ba yayanka ya zo ya kwance ta. Ina tsaye da baƙaƙen kaya, yara na bin ta da kuka har bakin hanya. Ranar na gane bambancin "ta gida" da "tawa".

In na sa kuɗinka a jamusar nan, kafin a kai ta turke garin nan kaf ya san Mahrus ya saya wa matar Shahata jamusa. Duk kwanon nonon da na sayar sai Hajja ta ƙirga. Ran da muka saɓa, a zo a kwance. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ni kuwa na gaji da aski. Mutanen da kake zagi ba su ce in gode musu ba, ba su ce in share musu gida ba. Cewa suka yi ki tara, mu ƙara, takarda da sunanki.

Kwanan da kake yi a ƙarƙashin bene na daɗe da sani, masu dawowa suna magana. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ba kuma zan faɗa ba. Na rufa maka asirinka kyauta. Kai kuma naka rufin sai an biya shi da gumina na shekara biyu?

Layi biyu, Mahrus. Har yanzu da lokaci in ka ba Usta Hilmi ko wani. In ba ka rubuto ba, ni zan tashi in faɗa da bakina, kuma bakina ba shi da ladabin takarda.

Atiyat

*

Farwaniyya
20 ga Mayu, 1999

Atiyat,

Sallama don Musulunci. Ina lafiya, in kin damu ki sani.

Na ɗauka barazana ce irin ta mata. Ashe ba ki da kunya ko ta ƙwayar zarra. Mutum uku sun ba ni labari, kuma bakinsu ɗaya. An ce kin miƙe a tsakiyar makaranta, maza cike, kin ce, "Gidan na Mahrus ne, ni mai shara ce, shekara tara ko tsintsiya da kuɗina nake saya." An ce liman ya tambaye ki abin da nake aikowa, kika ce, "Gaisuwa." Gaisuwa! Har yau in na shiga wurin shan shayin 'yan garinmu a nan, sai wani ya ɗaga kofi ya ce, "Mahrus, a kai gaisuwa gida?" Su fashe da dariya.

Bai ishe ki ba, sai da kika ja kwamiti da rabin gari zuwa ɗakinki, kika buɗe tukwane, kika ɗaga tabarma, kika ajiye musu gurasa da cuku mai gishiri da albasa kika ce abin da ake ci a akurkin kaji ke nan. Kika kira Ummu Girgis, bare, ta yi shaida a kan danginki. Uwata tun ranar ba ta leƙa ƙofa ba. Tsohuwa mai furfura, wadda ta yanka miki agwagwarta don ta ɗaga darajarki.

An ce an mayar da sunanki. Madalla. Kin sayar da mu a kan dabba mai wutsiya, Allah Ya sa ta yi miki nonon da zai wanke wannan. Ki kai wa Hajja makullina yau. Kada ƙafarki ko ta 'ya'yanki ta sake taka gidana. Kada ki sake rubuto mini.

Mahrus Abdul Ati

*

Nazlat Dahi
9 ga Nuwamba, 1999

Ɗan baffana Mahrus,

Assalamu alaikum. Ka ce kada in sake rubutowa, na kuwa yi wata biyar ina yi maka biyayya, ka ga ban rasa tarbiyya duka ba. Muna lafiya. Hajja ta soma fita, gwiwar dai sai a hankali. Ina fatan bayanka ya yi sauƙi, wannan da zuciya ɗaya na faɗa.

Makullinka na kai tun ranar da wasiƙarka ta zo. Abin da aka gaya maka na faɗa a makaranta, duk na faɗa, ba a yi mini ƙari ba. Kada ka ɗauka daɗi na ji. Da ka rubuto layi biyun nan, da shugaban makaranta ya karanta su cikin minti ɗaya a wuce wurin, ba wanda zai ji kalmar gaisuwa. Kai ka zaɓi a ji daga bakina. Har yau kuma in na tuna ka gwammace ka ci bashin wata uku da ka faɗi gaskiyar da ba ta da tsada, sai in ji wuta a ƙirjina.

Jamusar ta zo kafin a gama sussukar alkama. Ustaza Mirfat da kanta ta raka ni ƙetaren gada, aka biya mutumin, aka rubuta Atiyat Abdul Maula a takarda, na jawo ta da hannuna ta tsakiyar gari. Ban bi ta bayan gari ba. Yanzu an buɗe zagaye na uku, mata sun cika layi, kuma kowace ta gargaɗi danginta cewa ranar da baƙi za su zo, kada wanda ya kuskura ya ara mata ko kujera.

Daren Litinin ta haihu, mace. Ka san al'ada, na gasa dakashin a tanda da sukari na rarraba wa gidaje. Na daɗe tsaye da kwanon Hajja a hannu kafin na ba Hanan ta kai. Na ce in ta koro shi, ta koro. Ba ta koro ba. Hanan ta ce ta zauna ta cinye tas, har tana suɗe cokali tana cewa maiƙonsa ya yi, amma sukari ya yi kaɗan.

Washegari aka dawo da kwanon a rufe, don kwano ba ya dawowa wayam. Na buɗe ina tsammanin dabino ne ko ƙwai. Makullinka ne a ciki.

Na leƙa ta taga na gane dalili. Ƙura ta rufe falon, ba wanda ya mayar da ledojin tun ranar agwagwa, tsumman famfo ya ruɓe, ruwa ya zano ta bango har bayan talabijin. Matar yayanka ta ce ita ba baiwa ba ce. Shekara tara ba wanda ya lura ana share gidan nan sai da aka daina.

Shi ya sa na rubuto, don ka aiko a gyara famfon kafin bangon ya tafi. Guminka ne, ba na so ya lalace. Makullin kuwa yana rataye a ƙusa a shagon Ammu Labib, kusa da wayar da ka buga. Ka nemi mai shara ka biya ta. Ni Juma'ata ta cika: tatsa da asuba, kaɗa nono da hantsi, kasuwa kafin azahar.

In ka zo hutu, ƙofata a buɗe take. Tabarma ce, rufin kara ne, za ka zauna a ƙasa. Amma nonon da za a sa maka a shayi, ba wanda zai zo ya kwance shi.

Ina aiko maka da gaisuwa.

'Yar baffanka,
Atiyat, mai jamusa